Ladan 'Yan Koyo A Tsofaffin Jiragen Ƙasa Na Ingila

A ƙasar Birtaniya akwai waɗansu hanyoyin jirgin ƙasa da ba don fatauci ake tafiyar da su ba. Tsofaffin hanyoyi ne waɗanda aka rufe, jama'a suka taru suka saye su, suka gyara, suka maido da jirage masu cin kwal irin na da, domin wanda ke son ganin yadda kakanninsa suka yi tafiya ya biya kuɗi ya shiga. Su ake kira jiragen tarihi. Ƙungiyar da ta haɗa kansu ta ba da lissafi cewa mutum wajen miliyan 13 ke ziyartarsu a shekara, ma'aikatansu masu albashi wajen 4,000 ne, masu aikin sa kai kuwa, waɗanda ba su karɓar ko anini, sun kai wajen 22,000. Dattawan da suka riski zamanin jirgin kwal a Zariya ko Kano ba za su yi baƙunta da waɗannan jirage ba, gama kawunan jirgin nan da aka sa wa sunayen kogunan Nijeriya, waɗanda masana'antar Vulcan ta Ingila ta ƙera a 1948, 'yan gida ɗaya ne da su.

To, mas'alar da ta tsaya wa masu waɗannan hanyoyi a wuya ita ce ta wanda zai riƙa gyaran jiragen nan gaba, da kuma abin da za a biya shi sa'ad da yake koyo.

Asalin abin kuwa daga yankin Wales ne. A 1950 Sir Henry Haydn Jones, mai wata 'yar hanya da ake kira Talyllyn, ya rasu. Tsawon hanyar bai wuce wajen mil 7 ba, an gina ta ne don jigilar duwatsun rufin ɗaki, ta kuwa tsufa ainun. Sai wani marubuci, Tom Rolt, ya tara mutane a birnin Birmingham, suka kafa jam'iyya suka karɓe ta. Ran 14 ga Mayu 1951 jirginsu na fari ya tashi, ta zama hanya ta farko a duniya da 'yan sa kai suka ceta. A 1960 hanyar Bluebell ta kudancin Ingila ta bi sawu. A 1963 Dokta Beeching ya fid da rahotonsa, inda ya ba da shawara a rufe hanya wajen mil 5,000 da tasha 2,363. A watan Agusta na 1968 reluwen Gwamnati ta sallami jirgin kwal daga manyan hanyoyinta. Daga nan jam'iyyu suka yi ta tsirowa, har daga filin wani dillalin tsofaffin ƙarafa a garin Barry kaɗai aka fanso kawunan jirgi 213.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙarfen ne aka saya da kuɗi, gwanintar kuwa kyauta aka same ta. Shi kansa Rolt ya yi zaman koyo a masana'antar Kerr Stuart mai ƙera kawunan jirgi. Manyan ma'aikatun reluwe na Swindon da Crewe da Derby da Doncaster sukan ɗauki yaro yana da shekara 16, ya yi shekara 5 a hannun gwanaye, ya fito yana da 21 ya zama cikakken maƙeri ko makaniki. Kamfanonin nan su ne suka ɗauki wahalar koyarwa, su suka yi hasarar ƙarfen da yara suka ɓata. Da aka daina jirgin kwal, sai waɗannan mutane suka riƙa zuwa jiragen tarihi ran Asabar da Lahadi suna aiki don marmari, waɗanda suka yi ritaya ma suka tare a can. Watau shekara da shekaru jiragen tarihi suna ci ne daga rumbun da wani ya cika.

Rumbun kuwa ya kusa kaiwa ƙasa. Kan jirgin kwal na ƙarshe da reluwen Gwamnati ta ƙera a Swindon ya fito ne a 1960. Yaron da ya shiga koyo a wannan shekara yana ɗan 16 ya cika 81 a 2025. Wanda ya shiga a 1968 ya cika 73. Ita ma'aikatar Swindon ɗin an rufe ta tun 1986. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma mai shekara 80 ba ya kutsawa cikin murhun jirgi da guduma.

Ya kamata mai karatu ya san irin aikin da ake magana a kai, don kada ya zaci shafa fenti ne da goge tagulla. Kan jirgi mai kwal, in an duba, tukunya ce aka ɗora bisa ƙafafu. A cikin manyansu ƙarfin tururi yakan kai nauyin laba 250 a kan kowane inci murabba'i. Murhun da wuta ke ci a ciki, wanda galiban na jan ƙarfe ne a jiragen Ingila, ruwa ne ya kewaye shi, abin da ke riƙe da bangonsa kuwa ɗaruruwan 'yan sanduna ne da aka ɗaure da zare. In suka karye da yawa ba a sani ba, murhu ya rufta, direba da mai zuba kwal ba su da mafita. Saboda haka ake duba tukunya kusan kowace shekara, in ta cika shekara 10 kuma tilas a sauke ta, a zare bututunta, a bi ta ciki da waje. Gwanin tukunya yakan bi sandunan nan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma, daga amon da ta yi ya gane mai lafiya da karyayya. Wannan kunne ba a samunsa a littafi, sai an tsaya kusa da mai shi shekaru.

An riga an ga alamar abin da ke tafe. Wata jam'iyya ta ƙera sabon kan jirgi a Darlington mai suna Tornado, aka gama shi a 2008. Da aka zo kan tukunyarsa, sai aka kai aikin garin Meiningen na Jamus. Dalili kuwa, Jamus ta Gabas ta ci gaba da aiki da jirgin kwal har 1988, don haka ma'aikatar can ba ta taɓa rufewa ba, sarƙar malami da almajiri ba ta tsinke ba. Ƙasar da ta haifi jirgin ƙasa a 1825 ita ce ta aika waje a ƙera mata tukunya.

Ganin haka ya sa manyan hanyoyin tarihi suka soma ɗaukar 'yan koyo da kansu. Hanyar Severn Valley, mai mil 16 daga Kidderminster zuwa Bridgnorth, ta kafa makarantar sana'o'in gado, asusunta na taimako ke ɗaukar nauyinta. Hanyar North Yorkshire Moors ta sa 'yan koyo 12 cikin wani babban shirinta na wajen fam miliyan 10, wanda asusun kayan tarihi na cacar ƙasa ya ba da kaso mai tsoka a 2019. Hanyar Ffestiniog ta Wales tana da tsohuwar ma'aikatarta ta Boston Lodge, inda take horar da matasa. An kuma kafa wata ƙungiya mai suna BESTT musamman don koyar da aikin tukunya, ta riƙa rarraba masu koyo a ma'aikatu dabam dabam. A 2018 hukuma ta amince da manhaja ta musamman ta gyaran tsofaffin injuna, aikin tururi na ciki. Duk wannan abin yabo ne. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen lada.

Dokar Birtaniya ta yanke mafi ƙarancin abin da za a biya ma'aikaci a kowace awa, ta kuma ware wa ɗan koyo nasa farashi wanda ya yi ƙasa da na manyan ma'aikata. Sai a tuna fam ɗin Ingila tun 1971 kwabo 100 ne, an bar lissafin sule. Da aka fara wannan ƙa'ida a watan Oktoba na 2010, ladan ɗan koyo fam 2 ne da kwabo 50 a awa. A Afrilun 2023 ya kai fam 5 da kwabo 28, a 2024 fam 6 da kwabo 40, a 2025 fam 7 da kwabo 55. A Nuwamban 2025 Gwamnati ta ba da sanarwar fam 8 daga Afrilun 2026. Babban ma'aikaci mai shekara 21 zuwa sama kuwa, nasa mafi ƙaranci a 2025 fam 12 ne da kwabo 21. In an buga da awa 40, ɗan koyo ya tashi da fam 302 a mako, mai share daɓe a kanti ya tashi da fam 488. Ba a ce kowace hanya a kan wannan ƙaramin farashi ta tsaya ba, akwai masu ƙarawa. Amma shi ne ma'aunin da ake farawa da shi, ƙananan hanyoyi kuwa ba su da ƙarfin yin nisa da shi.

Wanda ya ji fam 302 daga nesa zai ce ai kuɗi ne. Sai a duba inda hanyoyin suke. Yawancinsu a ƙauyuka ne da bakin teku da cikin duwatsu, wuraren da masu hali ke zuwa hutu, gama abin da ke kawo musu fasinja ke nan. Wurin hutu kuwa hayar ɗaki tsada gare ta. A gundumar Gwynedd, inda Talyllyn da Ffestiniog suke, sayen gidajen hutu ya yi yawa har hukumar gunduma ta ɗora musu ƙarin haraji na kashi 150 cikin 100 daga Afrilun 2023. Yaro mai shekara 16 doka ba ta ba shi izinin tuƙa mota ba sai ya kai 17, ma'aikatar kuwa da sassafe ake buɗe ta. Saboda haka ladan da kansa yake zaɓen wanda zai koya. Wanda gidan ubansa ke kusa, yana ci yana kwana kyauta, shi zai iya. Wanda iyayensa ke da abin aika masa, shi ma zai iya. Yaron da ke birni mai nisa, ko da hannunsa ya fi na kowa, in ba shi da mai tallafa masa, ko takardar nema ba zai cika ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin reluwen Ingila. A 1878 wani yaro maraya, Henry Royce, ya shiga koyo a ma'aikatar reluwe ta Peterborough, wata dattijuwa 'yar'uwarsu ce ke biya masa. Bayan shekara 3 kuɗinta suka ƙare, ya bar wurin bai gama ba. Shi ne daga baya ya zama rabin sunan Rolls-Royce. Shi dai ya sami wata ƙofa. Waɗanda ba su samu ba, ba wanda ya rubuta sunansu.

Akwai kuma wani tsani cikin dokar. Ƙaramin farashin nan yana kan wanda bai kai shekara 19 ba, ko wanda ya kai amma yana cikin shekararsa ta fari ta koyo. Da zarar mai shekara 21 ya cika shekara guda, a farashin 2025, ladansa ya yi tsalle daga fam 7 da kwabo 55 zuwa fam 12 da kwabo 21 rana ɗaya, alhali kuwa koyon aikin injin shekara 3 ne ko 4. Ma'ajin da ke ƙirga kwabo tilas ransa ya fi kwantawa da ɗan shekara 16 da ya fito makaranta, ya kau da kai daga magidanci mai shekara 25 da ya riga ya iya walda, wanda in an koya masa tukunya watakila shi zai zauna.

To, kada a ɗauka masu hanyoyin rowa ce ta hana su. Su ma suna da hujja mai ƙarfi. Daga 2023 zuwa 2025 ladan ɗan koyo ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100, kuɗin tikiti kuwa ba ya iya bin wannan gudu, domin shiga jirgin tarihi nishaɗi ne, iyali in suka ga ya yi tsada sai su zauna gida. Annobar 2020 ta rufe su watanni. Hanyoyin nan suna ƙona kwal wajen tan 26,000 a shekara. A 2022 aka daina sayen na Rasha saboda yaƙin Yukiren, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A Nuwamban 2023 aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales, wadda suka dogara da ita, sai suka koma sayo kwal daga ƙetare. A 2023 ɗin Severn Valley, wadda tana cikin mafi girma, ta rage ma'aikata, ta kuma roƙi jama'a fam miliyan 1.5 don ta tsira. Waɗansu sukan karɓi kwangilar gyaran jiragen wasu don ma'aikatarsu ta ciyar da kanta, amma wannan ma da haɗari: kamfanin hanyar Llangollen ya karye a watan Maris na 2021, hasarar kwangilolin gyara na cikin abin da ya kayar da shi.

Gwamnati tana taimako, sai dai taimakonta a ƙofar aji ya tsaya. Tun Afrilun 2017 duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya wuce fam miliyan 3 a shekara yana biyan harajin koyon sana'a, rabin kashi 1 cikin 100. A Ingila, ƙaramin kamfani da bai kai nan ba Gwamnati takan biya masa kashi 95 cikin 100 na kuɗin karatun ɗan koyo, daga Afrilun 2024 ma ta ɗauke duka in yaron bai wuce shekara 21 ba. An kuma yafe wa mai aiki harajin inshorar ƙasa a kan ɗan koyon da bai kai 25 ba. Amma duk wannan kuɗin makaranta ne. Ladan yaro, har na ranar da ya tafi kwaleji bai taɓa guduma ba, daga aljihun hanyar zai fito. Sa'an nan ga hasarar da ba ta fitowa a littafin ma'aji: gwanin da ke tsaye kan yaro yana nuna masa, aikin yini ɗaya yakan zame masa na yini biyu. Shi kuwa gwanin ba a yafe harajinsa ba, an ma ƙara shi zuwa kashi 15 cikin 100 a Afrilun 2025.

Bayan an sha wannan duka, yaro ya ƙware, sai a zo kan mafi ciwo. Wanda ya iya walda da aikin injin yankan ƙarfe da karanta zane ba ya rasa mai nemansa. Kamfanonin jiragen zamani da ma'aikatun lantarki da na jirgin ruwa suna biyan abin da hanyar tarihi ba ta isa ta biya ba. Ran da ya so yin aure ko sayen gida, ran nan za a ga takardarsa ta barin aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗansu sukan ce a ɗaure shi da yarjejeniya irin ta da, ya yi wa gidan da ya koya masa aiki na waɗansu shekaru. Wannan dabara ba ta da nisa. Wanda aka riƙe da takarda yana ƙirga kwanaki, ba shi ne za a ba amanar tukunya ba. Abin da ke riƙe mutum shi ne ya ga matakalar albashi a gabansa tun ran da ya shiga, ya san abin da zai samu a shekara ta biyar da ta goma.

Amma in an bi abin a hankali, akwai wani laifi da ke wuyan masoya jiragen su kansu. Hanyar da aka gina da aikin gayya takan saba da ganin aiki ba shi da farashi. Dattijon da ya yi shekara 40 yana zuwa kyauta, yana sayen man motarsa da kansa, in ya ji yaro na ƙorafin lada, sai ya ga kamar rashin godiya ne. Ya manta shi fansho gare shi, yaron kuwa wannan ne abincinsa. Haka kuma masu ba da gudummawa: in aka ce za a ta da wani sanannen kan jirgi, nan da nan kuɗi su taru, don mutum yana so ya ga abin da ya saya yana hayaƙi. Gyaran Flying Scotsman, wanda gidan tarihin reluwe na York ya yi daga 2006 zuwa 2016, ya ci wajen fam miliyan 4.2. A farashin 2025 wannan kuɗi ya isa ladan 'yan koyo fiye da 60 na shekara 4 cur. Ba wanda zai ce kada a gyara shi. Sai dai roƙon kuɗin albashi ba ya tara jama'a kamar roƙon kuɗin ƙarfe, kuɗin caca kuma na shiri ne mai wa'adi, in wa'adi ya cika gurbin yaro na iya tafiya tare da shi. Daidai shi ne duk asusun da aka buɗe don tukunya a yanka kason mai koyon gyaranta a ciki tun fari, a lissafa shi kamar yadda ake lissafa jan ƙarfe da ƙusoshi. Manyan kamfanonin da ke kwashe yaran kuma da hakki a kansu. Doka ta ba su izini tun Afrilun 2024 su miƙa wa ƙananan ma'aikatu har rabin kuɗin harajinsu na koyo, amma shi ma wannan na karatu ne, ba ya shiga aljihun yaro. In suna son ci gaba da ɗiba, sai su sa hannu a ladan.

Wata tsohuwar doka kuma ta ƙara dagula al'amarin. Dokar 1920 ta hana sa yaran da ba su kai shekara 16 ba aiki a masana'antu, reluwe na ciki. An yi ta ne don kare 'ya'yan talakawa daga bauta. A 2015 wani babban lauya ya ba ƙungiyar jiragen tarihi fatawa cewa hanin ya haɗa har da aikin sa kai, hanyoyi da yawa suka janye hannu daga yara. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗansu daga cikin gwanayen yau sun soma ne suna 'yan 13 ko 14 suna goge jirgi a bayan iyayensu, kafin su kai shekarun koyo sun riga sun kamu da son abin, irin son da ke sa mutum ya haƙura da ƙaramin lada. Kwamitin 'yan majalisa mai kula da jiragen tarihi ya yi rahoto a kan haka a 2018. Lord Faulkner, shugaban ƙungiyar, ya sha kai maganar gaban Majalisar Dattawa, ya kuma sake ta da ita a 2025 sa'ad da ake muhawara kan sabuwar dokar hakkin ma'aikata.

A 2023 ma'aikatar Boston Lodge ta fid da sabon kan jirgi fil da ta ƙera, mai suna James Spooner, irin mai fuska biyu da aka san Ffestiniog da shi tun ƙarni na 19. Bisa ƙa'idar shekara 10, wajen 2033 za a sauke tukunyarsa a buɗe. Koyo shekara 4 ne, samun kunnen guduma kuwa ya fi haka daɗewa, don haka wanda zai yi wannan aiki, in za a same shi, sai dai cikin waɗanda ake ɗauka a 'yan shekarun nan a kan fam 7 ko 8 a awa.